Ƙadangare da Dogon Ƙarfen Salula

Ƴan uwa na Tsauni, ku dubi ƙadangare da safe bisa katanga. Ba zaman banza yake ba. Jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa kamar namu, sai ya sha hantsi. Garkuwar jikinsa, wato abin da ke yaƙi da cuta cikin jini, ba ta aiki sosai sai ya ɗumama. A shekarar 1975, wani masani a Amurka, Matthew Kluger, ya sa wa ƙadangarun hamada ƙwayar cuta. Waɗanda aka aje wuri mai zafi galibi sun rayu. Na wuri mai sanyi kuwa, da yawa sun mutu.

To, salula fa? Saƙonta yana tafiya cikin iska kamar na rediyo. Abin da aka tabbatar yana yi wa jiki shi ne ɗan ɗumi, in ya yi ƙarfi. A gindin dogon ƙarfe, ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai. Rana ta fi shi nesa ba kusa ba.

In damo da hawainiya sun ragu a gonakinmu, mu fara duba ƙonar sassabe da maganin ƙwari da muke fesawa ba awo. Maganin yana kashe abincinsu, wani sa'i su ma ya kashe su.