Gaya: Hanyar shiga harkar fim ga matashin bakin iyaka

A shekarar 1987, fim ɗin Sarraounia ya lashe babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu. Labarinsa na jihar Dosso ne, domin ya ba da tarihin Sarauniyar Lugu, wadda ta yi fito-na-fito da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, kuma ɗan Nijar, Abdoulaye Mamani, ne ya rubuta littafin da aka ɗauko labarin daga ciki. Sai dai wanda ya ba da umarni, Med Hondo, ɗan Muritaniya ne, kuma a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin.

Wannan tarihi na nuna halin da matasan jihar Dosso masu sha'awar fim ke ciki har yau. Labari na gida ne, amma kayan aiki da makaranta da kasuwa duk suna wani wuri.

Garin Gaya, mai nisan kusan kilomita 300 daga Yamai, yana bakin kogin Kwara, daura da Malanville ta Jamhuriyar Benin, kuma ba shi da nisa da Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya. Matashin garin kan tashi da Dendi ko Zabarmanci da Hausa, ya ƙara da Faransanci a makaranta. Fina-finan Kano da shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suna isa wayarsa kamar yadda suke isa wayar ɗan Zariya.

Aikin bayan kyamara

Yawancin masu sha'awar fim fuskar jarumi kawai suke gani, alhali a wurin ɗaukar fim, wanda 'yan Kannywood ke kira lokeshan, jarumi mutum ɗaya ne cikin ma'aikata da dama. Akwai furodusa mai neman kuɗi da tsara kashe su, da darakta mai ba da umarni, da mai ɗaukar hoto, da mai haske, da mai sauti da ke riƙe da sandar makirfo sama da kan 'yan wasa. Akwai mai kwalliya da mai kula da sutura, sai kuma mai lura da ci gaban fitowa, wanda ke rubuta komai don kada ɗankwalin da aka ɗaura jiya ya canza launi a fitowar da aka ƙarasa yau. Bayan an tashi daga lokeshan, sai aiki ya koma hannun mai tace hoto a kwamfuta.

Aikin na buƙatar juriya. Fitowar da mai kallo zai gani a minti biyu tana iya cin rabin yini, saboda ana maimaita ta daga kusurwoyi daban-daban, kuma ƙarar babur ko janareta na iya lalata sauti a sake daga farko. A garin da manyan motoci ke yawan zirga-zirga kamar Gaya, mai sauti ne ya fi kowa shan wahala.

Waɗannan ayyuka na bayan fage suna da wata riba: wanda ya iya kyamara ko tace hoto zai iya cin abinci da ɗaukar biki da tallace-tallace da bidiyon waƙoƙi a lokacin da babu fim a ƙasa.

Magabatan Nijar

Manyan da suka kafa harkar a Nijar ma ta ƙasa suka faro. Oumarou Ganda tsohon soja ne da ke aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Abidjan lokacin da Bafaranshe Jean Rouch ya saka shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Daga baya ya koma bayan kyamara, kuma a 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya zama na farko da ya taɓa cin babbar kyautar FESPACO. Ya rasu a 1981, kuma cibiyar al'adu ta CCOG a Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Moustapha Alassane, wanda ya yi fice da fina-finan zane, makaniki ne kafin ya koyi aikin fim. A fagen wasan kwaikwayo na Hausa kuwa, Yazi Dogo da abokan aikinsa sun yi suna tun daga Damagaram ta rediyo da talabijin, a zamanin da ƙungiyoyin Samariya ke gasar wasanni tsakanin jihohi.

Tarihin yana da ɓangare mai ɗaci. Zalika Souley, wadda ta fito a fina-finan Ganda da Alassane, ta yi suna har ƙasashen waje, amma fim ɗin da Rahmatou Keïta ta yi a kanta, Al'lèèssi, ya nuna ta cikin ƙuncin rayuwa bayan harkar ta durƙushe.

Yamai ko Kano

Mai son karatun aikin a hukumance Yamai zai nufa, inda makarantar da a da ake kira IFTIC ke horar da 'yan jarida da ma'aikatan sauti da hoto, kuma inda hukumar fina-finai ta ƙasa, CNCN, take. Daga cikin 'yan wannan zamani akwai Aïcha Macky, 'yar Damagaram, wadda fim ɗinta Zinder na 2021 ya zagaya bukukuwan duniya.

Mai son kasuwa kuwa Kano yake hange, inda masana'antar ta faro da Turmin Danya a 1990. Mawaƙiya Fati Nijar, 'yar Maraɗi, shaida ce cewa ɗan Nijar na iya samun gindin zama a can. Amma Kano na da dokokinta: tun 2001 akwai hukumar tace fina-finai ta jihar, wadda ke yi wa masu sana'ar rajista, tana kuma dakatar da wanda ta ga ya saɓa ƙa'ida.

Ita kanta iyakar ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya sake toshe hanya, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris na 2024, yayin da rufe gadar Gaya zuwa Malanville ya tilasta wa jama'a tsallaka kogi da kwale-kwale.

Hanya ta uku ita ce intanet, wadda ba ta buƙatar tsallaka gada. Kasuwar faifan CD ta mutu, masu shirya fim da dama sun koma YouTube, inda ake neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin tasha ta fara cin kuɗin talla. Ga ɗan Gaya, jarin da yake da shi su ne harsunansa, da kogi da kasuwa da layin manyan motoci da ke ɗauke da labarai, da kuma 'yan uwansa mazauna Kwatano da Legas da Akra masu kewar jin Dendi da Hausa a wayoyinsu.