Kwamfuta Ba Ta Raba Harsashi da Alƙaluman Ƙarya

Tun da aka ayyana El Capitan, ta cibiyar binciken Lawrence Livermore a Amurka, a matsayin kwamfutar da ta fi kowace sauri a duniya a Nuwamban 2024, ake ta yayata cewa nan gaba inji ne zai riƙa tsara yaƙi. An yi kitso da ƙwarƙwata. Babban aikinta shi ne tantance lafiyar makaman nukiliya ba tare da gwajin fashewa ba. Lissafin raba mai, harsashi da abinci ga bataliyoyi kuwa ya girme ta nesa ba kusa ba: kaya kaɗan, buƙatu rututu, motoci ƙidayayyu, sai a nemo rabon da ya fi tsimi.

Turawan Yamma sukan ce George Dantzig ne ya buɗe wannan fage a 1947, yana aiki da sojin saman Amurka. Ba a raina masa ba. A shekarar aka gwada dabararsa wajen haɗa abinci mafi araha daga nau'i 77. Ma'aikata tara suka duƙufa kan na'urorin lissafi na tebur, aikin da mutum guda zai kwashe kwana 120 yana yi.

Amma Leonid Kantorovich ya riga shi da shekara takwas, kuma da wuya ka ji sunansa a aji. A Leningrad, masu sarrafa katakon falawud suka kawo masa matsalar raba aiki tsakanin injunansu. Ya warware a 1939, ya kuma gane cewa hanyar za ta yi wa sufuri da duk wani rabon kaya aiki. Hukumomin Tarayyar Sobiyat suka yi biris da shi shekaru, domin lissafin yana fitar da wasu alƙaluma masu kama da farashin kasuwa, su kuwa warin jari-hujja suka jiyo. Sai a 1975 aka ba shi kyautar Nobel tare da Tjalling Koopmans.

Tun da dabarar lissafin ta daɗe da samuwa, jami'an da ke ɗokin sayo manyan injuna su fara gyara rajista da horar da masu lissafi. Abin da aka ɗura wa kwamfuta shi take rabawa. A ƙarshen 2014, watanni bayan faɗuwar Mosul, Firaministan Iraƙi Haider al-Abadi ya sanar da gano sojojin bogi 50,000 da ake biya albashi, ba ko ɗayansu a bakin daga.