Aikin ƙafa a tsohuwar Peugeot 504: me za a gyara, me za a bari?

Duk wanda ya sayi tsohuwar Peugeot 504 da niyyar farfaɗo da ita, fenti da kujeru ne ke fara zuwa masa a rai, sai kuma injin. Ƙafafu su ne na ƙarshe, in ma an tuna da su. Alhali sunan da motar nan ta yi a ƙasashenmu, daga Kaduna har Damagaram, da ƙafafunta ta yi shi.

A 1968 aka fito da 504 a Faransa, ta kuma lashe kambin motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, aka ci gaba da yin 504 a nan har 2006, fiye da shekara ashirin bayan an daina yin salun ɗinta a Turai. A 1975 ɗin ne Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita, Hannu Mikkola kuma ya ci na Maroko. Akwai motocin da suka fi ta ƙarfin inji a waɗannan wuraren, amma ta fi su jure gargada.

Sirrin yana cikin tsarin. A gaba, kowace taya tana da shokozobarta a cikin naɗaɗɗen sifirin. A baya, ainihin salun ta ware kowace taya da hannunta, ta yadda in ɗaya ta faɗa rami ba ta jan ɗaya. Wagon kuwa aksil ɗaya ne ya haɗa tayoyin bayanta, da sifirin biyu a kowane gefe saboda lodi, a-kori-kura kuma sifirin ganye aka sa mata. Duk cikinsu an bar wa taya doguwar tazarar hawa da sauka, an kuma yi sifirin da taushi. Peugeot na cikin 'yan kamfanonin da suka riƙa ƙera shokozobarsu da kansu, domin ta dace da wannan taushin.

A nan ne ake yawan rikita abu biyu. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, yana lotsawa ya dawo. Shokozoba ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta ta hana sifirin ci gaba da rawa, ta hanyar tura mai ta ƙananan ƙofofi, sai ƙarfin girgizar ya koma zafi ya fita. In ta mutu, taya kan riƙa tsalle tana rabuwa da kwalta. Abin da ya haɗa motar da ta kai kilo 1,200 da ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba a kowace taya, kuma a daidai lokacin da tayar ta tashi, birki da sitiyari duk ba su da amfani. Saboda haka matacciyar shokozoba maganar rai ce, ta wuce maganar jin daɗin zama.

Ra'ayina shi ne, mafi yawan abin da ake kira inganta tsohuwar mota, mayar da ita ne yadda take ranar da ta fito daga kamfanin PAN. Robar bushin da ta shekara talatin tana shan rana da ƙura da mai ta riga ta tsattsage. Bol joyin da tayarod sun yi wasa. Shi ya sa motar ke yawo a kan titi, direba na ta gyara mata hanya da sitiyari ba hutu. A ɗaga ta, bakanike ya girgiza kowace taya sama da ƙasa, hagu da dama, a canza duk abin da ya yi wasa. A duba tsatsa a inda kan shokozoba ya kama bodi, domin sabon kaya a kan ruɓaɓɓen ƙarfe asarar kuɗi ce. Shokozoba bibbiyu ake canzawa, na gaba tare, na baya tare. Bayan nan sai alaimen. Wanda ya yi wannan kaɗai zai ji kamar wata motar ya shiga.

Sai taya. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wadda aka rubuta wa 2319 an yi ta a mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara goma a ajiye ta ko da zanenta bai ci ba, domin robar ta bushe.

Inda ake ɓata 504 shi ne wajen kwaikwayo. A Amurka, masu tsofaffin manyan motoci irin su Chevrolet Impala ta shekarun 1960 kan sauke su ƙasa, su sa sifirin mai tauri da manyan wili, don rage tangaɗi a kwana. Titunansu sun ba su damar haka. Wanda ya yanke sifirin 504 ko ya gasa shi da wutar walda don motar ta kwanta, ya rage tazarar da ta sa ta yi suna, ya kuma kashe ƙarfin ƙarfen. Babban wili da siririyar taya kuwa suna ƙara nauyin da shokozoba ke fama da shi, suna rage iskar da ke shanye dukan rami. An ƙera motar da wili mai inci 14, kuma akwai hikima a hakan.

Ɗaya ɓarnar tamu ce ta gida: cusa roba ko ƙarfe a tsakanin sifirin don motar ta tashi ta ɗauki lodin da ya fi ƙarfinta. Na san halin da ake ciki, direban haya na neman na cefane ne. Amma duk lokacin da mota ta ƙara tsayi, aka kuma jibga kaya a samanta, tsakiyar nauyinta ta hau, kuma kifewa a kwana ya ƙara sauƙi. A salun, lodi mai yawa kan sa tayoyin baya su buɗe ta ƙasa, su riƙa cin gefen ciki har waya ta fito ba tare da an lura ba.

Akwai ƙarin da ya cancanci kuɗinsa. Shokozoba mai gas ta fi jure doguwar tafiya a zafinmu, domin matsin iskar da ke cikinta yana hana man yin kumfa. Sabbin bushin a sandar hana tangaɗi, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafar hagu da ta dama, suna rage jirkicewar mota a kwana ba tare da sun taurara ta a miƙaƙƙiyar hanya ba. Sai dai kada a sa sanda mai kauri a baya ita kaɗai, domin hakan kan sa bayan mota ya zame kafin gaba, kuma wannan ya fi wuyar riƙewa. Man birki kuma a canza shi duk shekara biyu, tunda yana tsotsar danshi.

Kayan 504 har yanzu ana samunsu a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma akwai dattawan makanikai da suka san ta ciki da waje. Mai karatu, in kana da ita a gida, kafin ka kai ta wajen mai fenti, kai ta a ɗaga a duba mata ƙafa.