Ba kowane ciwon ciki ne olsa ba

A kasuwar Tawa, da zarar ciki ya murɗa wa mace sai a ce olsa ce, a aiki yaro wurin mai tallar ƙwayoyi. Alhali akwai wani ciwo mai kama da ita da ke iya kai mutum lahira cikin ƴan kwanaki, wato kumburin pankireyas, wata doguwar tsoka da ke kwance bayan tumbi.

Aikinta shi ne fitar da ruwan da ke narkar da nama da mai, kuma Allah ya tsara ruwan ba ya fara aiki sai ya isa hanji. To idan tsakuwar matsarmama ta toshe hanya, ko giya ta yi yawa, wani lokaci ma tsutsar ciki ce ke kutsawa cikin bututun, sai wani sinadari mai suna tirifsin ya farka tun yana gida, ya kama cin uwar da ta haife shi. Likita Hans Chiari ya yi wannan bayani tun 1896.

Daga nan masana suka ce, ai sai a ɗaure wa tirifsin baki. Suka samo maganin cikin huhun shanu, wannan dai huhun da mahauta ke kasawa, kamfanin Bayer na Jamus ya sa masa suna Trasylol. A jikin dabbobin gwaji ya nuna alamar aiki, amma da aka gwada shi kan mutane a Birtaniya a 1977 da 1978, bai rage mace-mace ba. Japanawa suka haɗa nasu, gabexate, aka jarraba shi kan majinyata 223 a Jamus, sakamakon 1993 ya fito haka nan. Dalili kuwa, dabbar gwaji ana ba ta maganin tun ciwo bai kankama ba, shi ko mutum sai wuta ta game jiki ake kawo shi, maganin ya zama ihu bayan hari. Har yau ana amfani da wani, ulinastatin, da ake tacewa daga fitsarin mutum, a Sin da Indiya, amma kan likitocin duniya bai haɗu a kansa ba.

Abin da ke ceton rai shi ne ƙarin ruwa daidai gwargwado (binciken da likitocin Sifen suka jagoranta a 2022 ya nuna yawansa ma illa ne), da allurar rage zafi, da komawa ga abinci da wuri, sannan a cire matsarmama idan tsakuwa ce sanadi. Kusan 8 cikin 10 na samun sauƙi cikin mako guda.

Ku mata, musamman masu ƙiba da waɗanda suka yi haihuwa da yawa, tsakuwa ta fi kama ku. In zafi ya soki saman ciki ya ratsa har baya, ga amai, ba sauƙi sai an duƙa gaba, a bar wa yarinya tebur a nufi babban asibitin Tawa, ko na Galmi ga na kusa da can, a nemi awon jini da hoton ciki na eko.