Ƙofa da Zaure: Yadda Ake Raba Izini a Cikin Kwamfuta

Gabatarwa

Birnin Zazzau yana da ganuwa wadda tarihin baka yake danganta ta da Sarauniya Amina. A jikinta akwai ƙofofi kamar su Ƙofar Gayan, da Ƙofar Doka, da Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Kona. Amfanin ganuwa shi ne ta tilasta wa kowa ya biyo ta ƙofa, inda mai tsaronta zai ga fuskarsa, ya kuma rufe ta idan dare ya yi. Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa irin wannan tsari ne kwamfuta take bi wajen tsare takardun ofis, kuma nagartarsa tana rataye ne a wuyan ma'aikacin da aka ba amanarsa.

Tambayoyi biyu

Duk mai neman shiga wuri ana yi masa tambaya biyu. Ta farko: wane ne kai? Ta biyu: ina ne iyakarka? Mai tsaron ƙofar birni ta farko yake amsawa. A kwamfuta kuwa, suna da kalmar sirri su ne suke wannan aiki. Amma shiga gari ba ya ba mutum damar shiga kowane gida.

Amsar tambaya ta biyu tana cikin fasalin gidan Bahaushe. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Amini yana iya kaiwa shigifa. Mata da yara ƙanana suna wucewa har tsakar gida ba sai an san sunan kowannensu ba, domin izinin na rukuninsu ne. Ɗan garuwa yana kaiwa bakin randa, ya juye ruwa ya fita. Turaka kuwa ta maigida ce. Ashe ke nan akwai izinin mutum ɗaya, akwai na rukuni, akwai kuma wanda aka ƙayyade shi ga aiki guda.

Yadda na'ura take yi

A shekarar 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina manhajar Unix a Amurka. A cikinta kowane fayil yana da mai shi, da rukuni guda, sa'an nan sauran jama'a. Izini kuma iri uku ne: karantawa, da rubutawa, watau canza abin da ke ciki, da zartarwa idan fayil ɗin manhaja ne. An ba karantawa lamba 4, rubutawa 2, zartarwa 1, sai a tara su. Alal misali, fayil mai lamba 640 ma'anarsa mai shi zai karanta ya rubuta, rukuninsa su karanta kawai, sauran jama'a kuwa ba su da kome.

Wannan tsari yana da sauƙi, sai dai yana da ƙunci. A ƙaddara takardar albashi ce a hannun akanta, rukuninta kuwa ma'aikatan sashen kuɗi. Sai ga mai binciken kuɗi ya zo, yana bukatar ya duba kawai. In an sa shi cikin rukunin, an buɗe masa duk sauran takardun sashen. In an buɗe wa jama'a, an buɗe wa kowa.

Maganin wannan shi ne jerin masu izini, wanda Turawa suke taƙaita sunansa da haruffan ACL. Manhajar Multics, wadda aka soma aikinta a tsakiyar shekarun 1960, ta riga Unix amfani da shi, kuma Windows NT ta zo da nata a 1993. A jikin kowane fayil ana liƙa jeri, kowane layi yana ɗauke da sunan mutum ko rukuni tare da abin da aka yardar masa. Mai binciken kuɗi sai a ba shi layi nasa na karantawa. A Windows har akwai layin hani, kuma idan an rubuta hani da yarda a jikin fayil guda, hani ake gabatarwa, kamar dai gidan da aka rubuta wa "ba shiga".

Izini na rawani ne

Jeri irin wannan yana da nasa aibin. Idan sunayen mutane aka riƙa rubutawa ɗaya bayan ɗaya a jikin dubban fayiloli, ranar da aka canza wa ma'aikaci wurin aiki babu mai iya tuna duk inda sunansa yake. Sai ya tafi da mabuɗin tsohon ofis a aljihu.

Sarautar Zazzau ta daɗe da warware wannan. A da, garuruwa da ikon da ke hannun Galadima ko Madaki na sarautar ne. Ranar da aka tuɓe mutum ko ya ci gaba zuwa wata sarauta, sai su koma ga wanda ya gaje shi. A 1992 David Ferraiolo da Richard Kuhn suka tsara irin wannan hanya ga kwamfuta: a ba muƙami izini, sa'an nan a naɗa mutum a kan muƙamin. A asibiti kamar na Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, abin da ya dace shi ne rukunin likitoci su karanta bayanin majinyaci su rubuta, masu ba da magani su ga abin da aka rubuta a bayar, mai karɓar kuɗi ya ga lissafi kaɗai. Wanda ya bar aiki, a zare sunansa daga rukuni sau ɗaya, duk ƙofofi sun rufe.

Tun a 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka ajiye ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan duka: kada a ba kowa izinin da ya wuce abin da aikinsa yake bukata.

Abin da ya rataya a kan ma'aikaci

A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara tsarin biyan albashi na IPPIS, kuma kawar da ma'aikatan bogi yana cikin dalilanta. Amma na'ura ba ta san mutumin bogi ba, jeri kawai ta sani. Saboda haka wanda yake shigar da sabon suna bai kamata ya zama shi ne mai amincewa da biya ba. Haka nan malamin da yake shigar da makin ɗalibai bai kamata ya iya canza shi bayan an tabbatar ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su.

Kammalawa

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsagar da ta fi yawa a ofis ita ce aron kalmar sirri. Shugaban da ya ba magatakardansa tasa domin rage wa kansa aiki ya rushe jerin gaba ɗaya, domin duk abin da aka aikata da sunansa za a rubuta, kuma shi zai amsa. Wajibi ne kowane sashe ya san wanda yake riƙe da jerinsa, ya kuma riƙa bin sunayen lokaci-lokaci, yana tambaya ko kowane mai suna a ciki yana nan a kan kujerarsa har yanzu.