Ya tashi daga ciwon huhu, amma mantuwa ta biyo shi gida

Da hunturu ya kama, ƙura ta tashi, ciwon haƙarƙari kan yi yawa a nan Bande da ƙauyukan kewaye. Galibi magani da iskar oksijan a asibitin Magariya sun wadatar. Wanda numfashinsa ya gaza kuwa, sai a wuce da shi babban asibitin Damagaram, wasu ma har Kano. Idan ta kai ga saka masa bututun na'urar numfashi a maƙogwaro, ana ba shi maganin barci mai ƙarfi, irin su midazolam, don kada ya fizge bututun.

To, a nan gizo ke saƙa. Idan barcin ya ɗauki kwanaki, ga zafin ciwo, ga ƙarancin oksijan a jini, ƙwaƙwalwa tana jigata. Mutum ya farka yana sambatu, dare da rana duk ɗaya gare shi, wani ma bai gane matarsa. Ya dawo gida, sai lissafin kuɗin cefane ya gagare shi, ko ya manta raka'a nawa ya yi. Mu kuma nan da nan mu ce iskoki ne ko sammu, a sayar da akuya a tafi neman magani.

A 2013 likitocin jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun fitar da bincike kan majinyata 821. Bayan shekara guda, kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka gwada tunaninsu ya yi rauni kamar na wanda ya bugu a kai. Wanda ruɗewarsa ta fi daɗewa a asibiti, shi ya fi shan wahala. Shi ya sa likitoci kan sassauta maganin kullum su ga ko majinyaci zai farka. A Shikago, a shekarar 2000, wannan dabara ta rage zama kan na'urar daga kwana bakwai zuwa biyar.

Lokacin korona kuma an gano cewa ziyarar dangi, ko ta waya ce, tana rage ruɗewar. Ƴan uwanmu da ke Libiya, Aljeriya ko Legas, ku kira, ku faɗa masa sunanku da ranar da ake ciki.

In an sallamo shi, a bar shi ya yi barcin dare, ya riƙa ɗan tattaki, kada a ɗora masa ciniki tun yanzu. Kada kuma a sayo masa ƙwayar barci wajen ƴan tebur, tana danne numfashi. In ruɗewa ta dawo farat ɗaya, ko da zazzaɓi, a kai shi asibiti a ranar, tare da takardar sallamarsa.