In Za Ki Kano, Ki Tafi Da 'Yar Makaranta

Yau ina so mu yi magana a kan zuwa Kano. Mu matan ƙasar Gumel, daga Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar, abu biyu ne yawanci ke kai mu birnin nan: ko jinya, ko sayen kayan aure a Kantin Kwari. Sai ki ga mace ta je Kano sau biyar, amma in kin tambaye ta ina Dala take, sai ta ce ta dai hango wani dutse ta tagar mota. Alhali daga Gumel zuwa Kano kamar kilomita 120 ne, wadda ta fita bayan asuba da hantsi tana tashar Yankaba.

Shawarata ita ce, in tafiya ta kama ki, ki nemi izinin maigida ya ƙara miki yini guda na buɗe ido, sa'an nan ki tafi da 'yar makaranta. In kina jin kunyar 'yar fari, ga ƙanwarki, ga 'yar riƙonki, ga 'yar abokiyar zamanki. Dalili kuwa, kowaccenku tana da abin da 'yar'uwarta ba ta da shi. Yarinya ta iya karanta allon hanya da bayanin da aka rubuta a gidan tarihi. Ke kuma kin san ciniki, kin san mutane, kin san sunan kayan da ita sai dai ta gani a littafi.

Ku fara da Dutsen Dala tun rana ba ta yi zafi ba. An yi masa matakala, saboda haka hawan ba wuya, sai dai a riƙa hutawa. A nan ne Barbushe ya zauna yana yi wa Tsumburbura hidima kafin zuwan Bagauda, wanda tarihi ya ce ya fara sarauta a shekarar 999. In kun kai bisa, birni duka yana ƙarƙashinku: ga Gwauron Dutse, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga gidaje har iyakar ganinku. Ku sa yarinya ta nemo muku ganuwa, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa tsakanin 1095 da 1134. Za ta sha wuya kafin ta same ta, don ruwan sama ya zaizaye wani wuri, masu ɗiban ƙasa sun cinye wani, wani kuma an yi gini a kansa. Abin da ya rage shi ne nake so 'ya'yanmu su gani da idonsu tun yana nan.

Daga Dala sai ku gangara kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa. Shi ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Lungunanta ƙanana ne, sun kuma yi kama da juna, don haka ku riƙe hannu. A nan uwa ce malama. Nuna wa yarinya murjani da tsakiya, da tandun kwalli, da ƙoren da aka yi wa zane, ki gaya mata amfanin kowanne. In kun iso wurin masu kanwa, ki tuna mata cewa garinmu ma yana da hannu a arzikin kasuwar nan. Baturen nan matafiyi, Barth, da ya bi ta Gumel a 1851, ya tarar da ita babbar matattarar cinikin kanwa ce.

Gidan Makama yana daura da fadar Sarki. Rumfa ya zauna a cikinsa, yanzu kuwa gidan ajiye kayan tarihi ne, ana biyan ɗan kuɗin shiga. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903. To, a nan sai yarinya ta karɓi alli, ta karanta miki abin da aka rubuta. Amma in kun shiga inda aka shirya ɗakin amarya irin na da, da jerensa, sai ta yi shiru ke ki yi bayani, gama kin ga irinsa a ɗakin kakarki. In kun fito, ga babban masallaci nan kusa, wanda aka gama gininsa na yanzu a 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Inda nake so ku fi daɗewa shi ne marinar Ƙofar Mata. Da yawa daga cikinmu sun yi kwanaki suna jinya a Asibitin Murtala, ba su san tana nan maƙwabtaka da su ba. An rubuta a bakinta cewa tun 1498 ake rini a wurin. Ku tsaya ku ga yadda ake haɗa baba da toka da katsi a cikin rami, a bar shi kwanaki ya nuna, sa'an nan marini ya yi ta tsoma zane yana ɗagawa ya sha iska. Za ku ga zane ya fito kore-kore, kafin ki ƙifta ido ya koma shuɗi. Wannan ɗaurin da ke fid da ado a jikin zanen, yawanci mata ne ke yin sa a cikin gidajensu. Baƙin rawanin nan mai sheƙi da kuke gani a kan Buzaye ran Alhamis a kasuwar Maigatari, irin rinin ƙasar Kano ne, musamman na Kura. Ku duba kuma ku ga ramuka nawa ne suka cike da ƙasa ba mai aiki a cikinsu, saboda atamfar kanti da rinin zamani sun janye masu saye. In da hali, ku sayi ko da ɗankwali ne.

Ga 'yan gargaɗi. Tun 2013 aka hana acaɓa a cikin Kano, A Daidaita Sahu za ku shiga, ku kuma yi ciniki kafin ku zauna. Ku raba kuɗinku gida biyu, kowacce ta ɗaure nata. Ki rubuta lambar wayar maigida da sunan unguwar masaukinku a takarda, yarinya ta riƙe. Ku shirya cewa in cunkoso ya raba ku, kowacce ta koma inda kuka tsaya na ƙarshe, kada a yi ta zagayen neman juna. Tambaya kuwa a yi wa mai shago ko dattijuwa. A bar sayayyar Kantin Kwari sai ƙarshe, don ba a hawa Dala da ƙunshin atamfa a ka.

Ku kuma 'yan makaranta, ku tafi da littafi da biro, ku rubuta abin da kuka gani, ku kawo wa malamarku. Wata rana ɗayanku za ta tafi Jami'ar Bayero ko makarantar koyon aikin jinya, kuma uwar da ta taɓa zaga birnin da ƙafarta ba ta cika jin tsoron sakin 'yarta ba. Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya, amin.